Allunan rufe bangon waje: sun dace da gidan bulo a Kano kuwa?

Baban Khadija:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini. Ina gina gida mai ɗakuna huɗu a Rijiyar Zaki, an gama ɗora bulo, an buga kwano, saura filasta da fenti. Uwargida ta ga hotunan gidajen Amurka a intanet, waɗanda aka lulluɓe bangonsu na waje da dogayen alluna a kwance, kowanne ya ɗan hau kan na ƙasa da shi, sannan aka yi silin ɗin baranda da wani allo mai siraran tsagogi a jere. Ta ce irin wannan take so, ni ma kuma ya ba ni sha'awa. Na je Ƙofar Ruwa, wani mai shago ya nuna mini fallen roba irin wanda ake silin da shi, ya ce zai yi a waje. Kafintana kuma ya ce katako ya fi, zai samo mini a 'Yan Katako da ke Na'ibawa. Fuskar gidan yamma take kallo. Wanne ya kamata in ɗauka, ko kuwa in haƙura da su duka?

Injiniya Abu Sadik:

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah Ya sanya alheri. Kafin a zaɓi allo, ya kamata a san dalilin da ya sa suke amfani da shi a can. Yawancin gidajen Amurka da katako ake kafa ƙashinsu, saboda haka allon waje shi ne rigar da ke kare katakon daga ruwa da iska. Bangon bulo da aka yi wa filasta mai kyau ba ya buƙatar wannan riga, don haka a wurinka ado ne kawai, kuma adon da zai ci kuɗi sau biyu, domin ko za a rufe bangon sai an fara yi masa filasta.

Fallen robar da aka nuna maka don cikin ɗaki aka yi shi. Wanda ake yi don waje ya fi kauri, an haɗa shi da sinadarin da ke rage ɓarnar hasken rana, kuma yana da dogayen ramukan ƙusa, domin roba tana miƙewa idan ta ji zafi, ta tsuke idan ta huce. Shi ya sa ma ba a buga ƙusarsa har ta matse. A nan Kano zafin Afrilu yakan kai digiri 40 a inuwa, bangon da ke kallon yamma kuwa tun daga azahar har kusan magariba rana ke dukansa, ya yi zafin da ba za ka iya barin tafin hannunka a kai ba. Roba ta silin ba za ta jure wannan ba.

Katako kuma abokan gābarsa biyu ne. Na farko gara, wadda kowa ya san halinta. Na biyu shi ne sauyin yanayinmu: da hunturu iska ta bushe ƙarau, katako ya tsuke har mahaɗarsa ta buɗe, da damina kuma ya sha laima ya kumbura. Allon mai tsagogi da Hajiya ta gani ana sarƙa harshen ɗaya ne a cikin bakin ɗaya, kuma a daidai wannan mahaɗa ruwa yake maƙalewa. Ko a can inda aka saba da shi, a bangon cikin gida da silin ɗin baranda aka fi sa shi. Idan kuwa aka kawo maka irin wanda aka matse garin katako da gam aka yi shi, ruwa ɗaya ya isa ya kumbura shi.

Idan lallai ana son kamannin, allon siminti shi ne ya fi dacewa, wanda ake haɗa siminti da yashi da zaren itace a yi shi. Gara ba ta cinsa, ba ya kama wuta, rana kuma ba ta lanƙwasa shi. Sai dai yana da nauyi, yana buƙatar a kafa masa ƙarafa a jikin bango, a ɗaga shi daga ƙasa kamar inci 6, kuma mai yanka shi ya sa takunkumi, saboda ƙurarsa tana illa ga huhu.

Maman Usman:

Alhaji, ni na riga na yi wannan kuskuren, shi ya sa zan sa baki. Mun rufe bangon barandarmu da gefen ƙofar shiga da farin fallen roba, aka kuma yi silin ɗin da shi. Da aka gama, duk wanda ya zo sai ya yaba. Bazara ta biyu ba ta wuce ba sai ɓangaren da rana ke samu ya koma ruwan ɗorawa, ya yi ciki, ya fara zamewa daga mahaɗarsa. Wata rana yaro ya jingina kekensa, hannun keken ya huda shi kamar an taɓa ƙwai.

Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne ƙura. Da hunturu kowace tsaga sai ta cika da jar ƙasa, sai na sa yara su bi ta da tsohon buroshin goge baki, kwana uku kuma ta dawo. Da muka sa aka ɓalle shi, abin da muka tarar a baya ƙwan ƙadangaru ne da sheƙar zirnaƙo. Silin ɗin kuwa, da yake rana ba ta kai gare shi, har yau yana nan lafiya. Don Allah ka karanta wa Hajiya wannan.

Tsohon Birkila:

Injiniya ya yi bayani, amma yallaɓai ba ka taɓo maganar gabas ba. Yamma rana ce ke cinta, gabas kuwa ruwa ne, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, ya doki bango a karkace. Magina na dā sun san haka, shi ya sa suke shafe katanga da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, su kuma zura indararo ya yi tsawo don kada ruwan soro ya bi jikin gini. Duk allon da ba a kafa shi da ƙarfi ba, guguwar farkon damina za ta gwada shi.

Shawarata, Alhaji, ka sa a zana layukan a jikin filastar tun tana ɗanya. Ana ja da igiya a daidaita, a bi da siririn ƙarfe, sai bangon ya fito kamar an jera alluna, ba tare da an bar wa ƙwaro mafaka ba. Amma a samo yashi mai tsabta wanda ba laka a ciki, a riƙa ba filastar ruwa safe da yamma har mako guda, a kuma bar ta kamar wata ɗaya ta bushe kafin fenti. Ƙasan bangon, zuwa wajen gwiwa, a sa tayil ko dutse saboda fantsamar ruwa.

Baban Khadija:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya ta yarda a bar allon a silin ɗin baranda kawai. Amma ta tambaya, yaya batun fallen alminiyam mai sheƙi da ake sa wa bankuna da kantuna, ko zai yi a saman ƙofar gida?

Injiniya Abu Sadik:

Zai yi idan wurin ƙarami ne, amma ka tambayi abin da ke tsakiyarsa, domin falle biyu ne na alminiyam aka manna, kuma a wasu roba ce mai cin wuta a tsakani. Irin wannan ne ya yaɗa gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72. Ka nemi wanda aka rubuta cewa ba ya saurin kama wuta, ka zaɓi launi mai haske, kuma kada a bi da wayar lantarki ta bayansa ko a ajiye janareta a ƙarƙashinsa.