Yadda za a yi wa mai ƙirƙirar labari da taurarin wani fim ko littafi gyara

Abin da muka tattaro daga hirar da muka yi kan labaran da masu sha'awar wani fim ko littafi ke ƙirƙira da taurarinsa ke nan.

Kusan kowa ya yarda a fara duba ko marubucin ya nemi gyara. A Archive of Our Own, shafin intanet na wallafa irin waɗannan labarai wanda aka buɗe a 2009, al'adar ita ce yabo, sai in mutum ya ce a gyara masa. A FanFiction.net kuwa, wani shafin irinsa da ke nan tun 1998, an fi sabawa da suka. Masu rubutun nan ba kuɗi ake biyansu ba, sha'awa ce kawai.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun halin tauraro. Kada ka ce "labarin bai yi ba". Nuna wurin: a babi na 3 jarumar da aka sani da kunya ta koma mai tsiwa, ba tare da dalili ba. Wannan gyara ne. Amma don ba ka son a haɗa wance da wane, wannan son ranka ne, ka riƙe abinka. Ni ma nan na tsaya.

Kuskuren rubutu kuma, a tura masa a keɓe.