Kirsimeti na ƙaratowa, ni kuwa na kasa yin addu'a

Wata uwa daga Bukuru:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Ni 'yar ƙaramar hukumar Bokkos ce, amma tun farkon 2024 nake zaune a Bukuru da 'ya'yana uku. A hare-haren da aka fara a daren 23 ga Disamba 2023, waɗanda suka ci rayuka sama da 150 a Bokkos da Barkin Ladi, na rasa maigidana da ƙanena. A ranar na riga na soya cincin, na karɓo ɗinkin yara daga wurin tela na rataye a bayan ƙofa, kuma kayan nan sun ƙone tare da ɗakin ba wanda ya taɓa sa su.

Tun daga lokacin, da zarar hunturu ya busa, mawaƙan ikilisiya suka fara gwajin waƙoƙin Kirsimeti, sai ƙirjina ya yi nauyi. Nakan durƙusa, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Addu'ar safe da maigida yake bi da mu, yanzu 'yar farina ce take yi, ni kuwa sai dai in ce amin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ina da ƙorafi a kan Allah a cikin zuciyata. Makon jiya autana ya tambaye ni inda Allah yake a wancan dare, na rasa abin faɗa. Shin na fāɗi daga bangaskiya ne? Me zan gaya wa yaron nan?

Wani ɗan'uwa daga Kaduna:
Sannu, 'yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Shawarata ita ce ki ɗauki azumin kwana uku, ki tsauta wa ruhun tsoro, domin 2 Timoti 1:7 ta nuna cewa ba shi Allah ya ba mu ba.

Wani dattijon ikilisiya daga Kafanchan:
'Yata, ɗan'uwanmu ya yi magana da kyakkyawar niyya, amma ni ban ga aljanin da za a tsauta wa a nan ba. Makoki na gani. Wadda ta rabu da Allah ba ta durƙusawa kowace safiya, ba ta kuma damuwa da shirun bakinta. Ki buɗe Zabura 13, za ki tarar Dawuda ya tambayi Ubangiji "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 kuwa ta ƙare ne cikin duhu, ba ta juyo ga yabo ba ko a aya ta ƙarshe, duk da haka an bar ta a cikin Littafi Mai Tsarki domin ranaku irin naki. Idan kalmominki sun ƙare, ki ari waɗannan ki karanta da murya. Romawa 8:26 ma ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa.

Game da autanki, kada ki ƙirƙiro masa amsar da ke kanki ba ki gamsu da ita ba, yara sukan gane. Ki karanta masa Matiyu sura 2, wadda wasan kwaikwayon yaranmu yakan tsaya a rabinta, wurin zinariya da lubban da mur. A sauran rabin, Yusufu ya tashi da dare ya gudu da Maryamu da jaririn zuwa Masar, Hirudus ya sa aka kashe yara maza na Baitalami daga mai shekara 2 zuwa ƙasa, Rahila kuma, wadda annabi Irmiya ya ce tana kuka domin 'ya'yanta, ta ƙi ta'azantuwa. Ki gaya masa cewa Yesu ma an gudu da shi cikin dare kamar yadda kika gudu da su, kuma akwai tambayoyin da za ku ci gaba da kai wa Allah tare.

Wata mama 'yar zumuntar mata ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), daga Mubi:
Ɗiyata, na san wannan shirun. A Oktoba 2014 Boko Haram suka kama Mubi da hedikwatar ikilisiyarmu a Kwarhi, muka tsere a ƙafa, na yi Kirsimetin shekarar a gidan mutane a Yola da zane ɗaya. Kusan shekara guda ban iya addu'a ba. Matan zumunta ne suke zuwa su zauna kusa da ni a tabarma, su yi waƙa, ni ina kuka, ba wadda ta ce in yi shiru. Ki nemi mata biyu da kika amince da su ki faɗa musu abin da kika faɗa mana. Kuma ba dole ba ne ki yi biki irin na da. Idan shinkafa kaɗai kika iya dafawa, ta isa.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Jos:
Yaya, ina so in sani ko kina samun barci, ko ƙarar abin wasan wuta na yara tana firgita ki. Idan haka ne, ki ga likita ko mai ba da shawara kan raunin zuciya, domin wannan ciwo ne da ake jinyarsa, neman magani kuma bai saɓa wa bangaskiya ba. Dogon azumi ga wadda ba ta ci ba ta barci yana iya ƙara mata rauni.

Uwar daga Bukuru:
Na gode, Allah ya saka muku. Gaskiya ne, ba na barci sai gab da asuba, kuma zan je asibiti ranar Litinin. Baba, yau da safe na karɓi Littafin daga hannun 'yata na karanta Zabura 13, na kai aya ta 2 muryata ta tsaya, sai ita ta ƙarasa mana. Matiyu sura 2 kuwa na bar ta sai daren 23 ga wata, lokacin da matar fastonmu ta ce za ta zo ta kwana tare da mu.