Wa ya fasa hoton amarya, mai firinta ko mai hoto?

Yayan Amarya: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi yau raina a ɓace yake. Na kai kalandar bikin ƙanwata wani shagon buga takardu, girman A3. Da aka bugo, fuskar amarya duk ta fashe, lallen hannunta ya dame, ba ka bambance zane da tabo. Alhali da hannuna na buɗe hoton a Photoshop na mayar da shi 300 DPI, wato ma'aunin kaifin hoto a bugu, kafin in kai. Mai shagon ya ce wai laifin hotona ne. Masu firintar yanzu yawancinsu 'yan koyo ne, karɓar kuɗi kawai suka iya.

Mai Sitidiyo: Wa alaikumussalam. Allah ya huci zuciyarka. Ta ina hoton ya zo hannunka, kuma fiksel nawa ne, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton, kafin ka taɓa shi?

Yayan Amarya: Mai hoton ne ya turo mini ta WhatsApp. 1280 da 960 na gani.

Mai Sitidiyo: To ga inda gizo ke saƙa. Takardar A3 inci 11.7 ce da 16.5. Raba 1280 gida 16.5, za ka ga kowane inci bai samu fiksel 80 ba. Wanda zai cika A3 a kan 300 sai ya kai fiksel 3508 da 4961. Rubuta 300 a akwatin Image Size ba ya dawo da abin da WhatsApp ya matse ya zubar. In ka cire alamar Resample, hoton naka zai koma inci 4 da ɗoriya, ɗan na sakawa a walat. In ka bar alamar, Photoshop zai ƙirƙiro sabbin fiksel ta hanyar kintato daga na kusa da su. Kamar ƙara wa kunu ruwa ne, kofi zai cika amma geron bai ƙaru ba.

Ɗan Corel: Ku dakata tukuna. Su wa ake kira 'yan koyo? Malam, janye wannan kalmar. Mutumin da bai san bambancin DPI da PPI ba shi ne zai zo yana kiran masu sana'a 'yan koyo? Abin da ka canza a Photoshop PPI ne, fiksel a kowane inci. DPI ɗigon tawadar da inji ke fesawa ne.

Yayan Amarya: Ban kama sunan kowa ba. In ba kai ba ne me ya yi maka zafi?

Ɗan Corel: Ka ce "yawancinsu". Mu ne yawancin.

Sarkin Zane: Gaskiya ɗaya ce, akwai 'yan koyo. Yaro ya yi wata uku a shago, ya iya jan hoto ta kusurwa a manhajar zane ta CorelDRAW, gobe ya buɗe nasa. Ƙwararre zai duba fayil ya ce maka wannan ba zai yi A3 ba, tun kafin ya ɓata takarda. Shi wannan me ya hana shi faɗa?

Ɗan Corel: Na san za ka sako Corel. Kullum ku 'yan Photoshop ganinku ku kaɗai kuka iya aiki. Katin biki da sitika da fostar siyasar da ke garin nan, da me ake haɗa yawancinsu?

Sarkin Zane: Shi ya sa ake ganin ɗan takara da kai kamar an danne shi.

Ɗan Corel: Wannan hannun mai aiki ne, ba manhaja ba. Kuma kowa da koyo ya fara, har kai.

Anti Mai Lalle: Ni dai lallen ne ya ba ni takaici, na san wahalar da aka sha kansa. Amma ina jin da iPhone aka ɗauka da hakan ba ta faru ba.

Na Tecno: Haba Anti! Wayar da ke da megafiksel 12 tana ba da 4000 da 3000, ko wace iri ce. Wannan a kan 300 ya haura inci 13 da 10. Ko iPhone ɗin ce, in aka turo a matse haka za ta fashe. A tura a matsayin Document, ko a danna HD ɗin da WhatsApp ya kawo a 2023, duk da shi ma yana ɗan matsewa.

Anti Mai Lalle: Ƙanena, kare wayarka dai kake yi. Amaren da nake wa aiki sun san wadda suke nema.

Sarkin Zane: Mu koma kan 'yan koyo. Akwai wanda ya taɓa mayar mini da aiki wai don ya ga 72 PPI a jiki maimakon 300, alhali hoton fiksel 6000 ne a faɗi. Wannan 72 ɗin gadon allon Macintosh ne na 1984, Windows kuma ta ɗauki 96. Lamba ce kawai a jikin fayil. Wanda bai san wannan ba me sunansa?

Ɗan Corel: Kawo sunan shagon in gaskiya ne.

Sarkin Zane: Ba na tona asirin mutane.

Mai Sitidiyo: Kuma 300 ɗin ma ba wajibi ba ne ko'ina. Abin da za a riƙe a hannu ne ke buƙatarsa. Babban allon talla na bakin titi daga nesa ake kallonsa, ƙasa da haka sosai ya isa.

Yayan Amarya: Jama'a biki saura kwana kaɗan. Ni yanzu ya zan yi? Shi zai sake bugawa ko ni zan sake biya?

Ɗan Corel: Janye kalmar tukuna.

Admin: Ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta shi ne mai shagon ba shi da laifi, abin da aka kai masa shi ya buga, kuma mu da muke cikin sana'ar mun san abin da kwastomomi ke kawo mana kullum. Maganar Sarkin Zane cewa sai an gargaɗi kwastoma, ba kowane shago ke da lokacin buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya ba, balle a lokacin bukukuwa. Yayan Amarya, ka koma wurin mai hoton ya sa maka na asali a filash, ka biya takarda da tawada a sake bugawa. Kalmar 'yan koyo kuma daga yau duk wanda ya sake rubuta ta a nan zan cire shi.