Neman shawara: na yi alƙawarin hawan Dutsen Mbula, ga gwiwa ga suga

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cushe min. Ni ma'aikaci ne a nan cikin garin Bauchi, shekaruna 47, ina zaune wajen Fadaman Mada. Bayan babbar salla likita ya ce sugana ya hau, in rage tuwo da lemon kwalba, in riƙa motsa jiki. Na fara zagayen filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da safe, sati biyu na yi na bari. Dalili kuwa, akwai wani yaro da ke ƙarƙashina a ofis. Ni na tsaya masa aka ɗauke shi aiki, ni na je neman aurensa saboda mahaifinsa ya rasu, ranar sunan ɗansa na fari har kuɗin rago na cika masa. Wannan yaron ya hango ni ina haki a filin, ya ɗauke ni a waya, washegari duk ofis ana cewa Oga zai shiga Wikki Tourists. Har yau bai ba ni haƙuri ba, sai dai ya gaishe ni yana sosa ƙeya. Matarsa ma ƙawar uwargidana ce, to ku duba yadda abin ya dagule.

Shi ne na koma hawan dutsen da ke wajen Gudum bayan sallar asuba, inda ba wanda ya san ni. Ina bin hanyar masu itace. Gaskiya na ji daɗinsa, in ka kai sama garin gaba ɗaya yana gabanka. Amma gwiwar hagu ta fara ciwo, musamman in ina saukowa. Sannan ranar Talata 'yan sintiri suka tare ni a gindin dutsen, wai me nake nema kullum da duku-duku, sai da na nuna katin aiki.

Babbar matsalar ita ce, cikin zafin rai na faɗa a ofis cewa zan bi yaran ofis hawan Dutsen Mbula a Dass nan da sati uku, har na ba da kuɗin mota. Wa ya san hanyar da ta fi sauƙi a can? Wane takalmi zan saya? Kuma ina zan riƙa gwaji kafin ranar?

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ba abin da ke damun gwiwarka. Lalaci ne yake fita. Mu da aka horar a Zariya, da kaya a baya muke gudu, wanda ya ce gwiwa sai a ƙara masa zagaye. Ka ci gaba da hawa kullum, kar ka huta ko rana ɗaya, in ka huta jikin ya koma gidan jiya. Kar ka riƙa ɗaukar ruwa, yana sa nauyin ciki. Sati uku ya ishe ka. Mbula kuma ba wani abu ba ne, ka je Zaranda a hanyar Jos ka ga dutse.

Maman Sadik:
Baba Soja, Allah ya huci zuciyarka, amma mai suga kake hanawa ruwa? Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gombe. Baban Ummi, ba ka faɗa mana abu mafi muhimmanci ba: an ɗora ka a kan magani? Wanne? Kuma kana cin wani abu kafin ka fita? Masu shan ƙwayar suga ta glibenclamide ko masu allurar insulin, in suka yi aikin ƙarfi da cikin wofi suga na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji, mutum ya ji rawar jiki, gumi, jiri, wani har ya suma. A fili in ka faɗi akwai mai ɗaga ka. A kan dutse kai kaɗai da asuba fa? Ka riƙa sa dabino ko alawa a aljihu. Ciwon saukowa kuwa sananne ne, nauyin da ke sauka a kan gwiwa ya fi yawa a gangara. Ka taƙaita taku, ka riƙe sanda, kar ka sauko da gudu.

Baban Ummi:
Na gode Hajiya. Maganar magani ba ita ce damuwata ba yanzu, wannan tsakanina da likita ne. Sanda kuwa ba zan riƙe a gaban yaran nan ba, abin da suke jira ke nan.

Ɗan Dass:
Ranka ya daɗe, ni haifaffen Dass ne. Kar ku sauka daga mota ku nufi dutse kai tsaye. Ku fara gaida mai unguwar da ke gindin wurin, ku nemi ya haɗa ku da yaro ɗan gari wanda ya san hanya, ku sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Hanyoyin ba wani allo ko alama, sawun manoma ne da masu kiwo, suna rarrabuwa, baƙo kan ɗauki wadda za ta kai shi bakin santsi. Kuma yanzu kaka ce, gonaki na nan a gindin dutsen ba a gama girbi ba. Abin da ke ɓata mana rai da 'yan birni ke nan. Bara wasu suka zo da motoci biyu da kiɗa, suka ratsa gonar yayana suka tattake masa wake, suka bar ledoji da robobin ruwa, akuyarsa ta ci leda ta mutu. Ko sannu ba su ce ba. Sai hotuna a Facebook wai sun gano wuri, kamar da can ba mutane a ciki.

Ummu Hanifa:
Ku dai maza kun huta. Ni sau ɗaya na fita tafiyar ƙafa da hijabina har ƙasa, daga Gwallameji zuwa Rafin Zurfi, kafin in dawo labari ya kai wa uwar mijina wai an gan ni ina yawo a titin Dass. Likita ya ce in yi tafiya, gida an ce in zauna. Yanzu tsakar gida nake zagayawa kamar kazar da aka ɗaure. Kai ana yi maka dariya kawai har kake kuka.

Tsohon Soja:
Hajiya mai jinya, da girmamawa, ku asibiti kowa majinyaci ne a wurinku. Kakanninmu da suka zauna a kan duwatsun nan wa ya ba su alawa? Tun kafin Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi mutane ke hawa da sauka da tulu a ka. Alhaji, takalmi ka shiga Wunti ko Muda Lawal wajen 'yan gwanjo, ka nemi but mai kauri irin namu. Ka sha tafarnuwa da zuma da safe, suga zai gudu da kansa. Ni shekaruna 61, ban san ƙofar asibiti ba.

Maman Sadik:
Baba, kakannin nan tun suna yara suke hawa, ba su yi shekara ashirin a kan kujerar ofis ba. Zuma kuma suga ce. Sabon but mai tauri ga mai wannan ciwo haɗari ne, in ya ji masa rauni a ƙafa bai cika warkewa da wuri ba, wani ma ba ya jin lokacin da ya ji ciwon. Kambas mai taushin ciki da ƙasa marar santsi, da safa mai kauri, ya fara sa shi tun yanzu, kuma ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk ya dawo.

Abin da ba wanda ya ambata shi ne maciji. Mu nan Gombe mun san shi, a Kaltungo har asibiti na musamman aka yi don saran maciji, kuma lokacin shuka da lokacin girbi ne ake cika shi. Kububuwa ce ta fi yi mana ɓarna. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa da tsakuwa, dafinta yana hana jini daskarewa. Tana son ƙarƙashin duwatsu, ga ciyawa ta yi tsawo yanzu, kai kuma cikin duhu kake fita. Ka bari gari ya waye. Kar ka cusa hannu a ramin dutse don neman madafa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da ƙarfi. A hana ƙafar motsi, a nufi asibiti.

Baban Ummi:
Hajiya, in na bari gari ya waye zan makara aiki, ga kai yara makaranta. Wata biyu ina hawa ban ga maciji ba. Jiri dai na taɓa ji sau biyu, na zauna ya wuce, ina ganin rashin barci ne. Maganin ma ba kullum nake sha ba, ranar da zan hau dutse wani lokaci in sha wani lokaci in bari, tunda motsa jikin ai shi ma magani ne.

Maman Sadik:
Inna lillahi. To ga zancen nan da ka ce ba damuwarka ba. Don Allah ka koma wurin likitanka cikin satin nan ka faɗa masa wannan da bakinka, har jirin.

Abu Yasir:
Ni shawarata ka bar dutse kwata-kwata. 'Yan sintirin nan ba su yi laifi ba, kowa ya san abin da ake fama da shi a dazukan wajen Toro da Ningi, duk baƙuwar fuska abin tuhuma ce. Abin da ake so minti 150 ne na tafiya mai ɗan sauri a mako, titin unguwarku ya ishe ka. In shaƙatawa kuke so ku je Yankari, ku shiga ruwan Wikki mai ɗumi, ku ga kogunan dutse na Marshall da ɗan rakiya, kowa ya dawo da ƙafarsa. Ni damuwata ma masu fasa dutse ne. Wanda muke hawa muna yara a unguwarmu an cinye rabinsa, ƙura kullum a ɗakunanmu, gindinsa kuma an yanka filaye an sayar.

Tsohon Soja:
Yankari yawon mata da yara ne. Namiji ya yi magana a gaban yaransa sai ya cika. Alhaji, in ka janye yanzu, har ka yi ritaya ba za su daina yi maka dariya ba. Ka same ni ranar Asabar bayan asuba, ni zan horar da kai, kyauta.

Ɗan Dass:
Ranka ya daɗe, ba dole sai an kai ƙololuwa ba fa. Da yawa a rabi suke tsayawa su jira. Ba wanda zai ce komai.

Baban Ummi:
Ɗan Dass, ba ka san yaran ofishinmu ba. Na gode wa kowa, na karanta duka. Fasawa dai ba zan yi ba, na riga na biya, kuma shi wancan yaron ne ke riƙe da jerin sunayen. Likita sai ƙarshen wata nake da ranar ganinsa, tafiyar kuma kafin nan ce. Baba Soja, Asabar ina da ɗaurin aure a Azare, sai dai Lahadi. Har yanzu ba wanda ya faɗa min ta wane gefe ake hawa Mbula ɗin. Kuma wannan abin roba da 'yan ƙwallo ke sawa a gwiwa, a ina ake samunsa a Bauchi, kuma yana ɓoyuwa a cikin wando?

Ummu Hanifa:
Uwargidan ta san da maganar jirin kuwa?