Waken Samaru da waken gizo: muhawarar da ta hana zaurenmu barci

Daga zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu a Jos, daren Laraba bayan isha'i.

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Yau a Katako wata mata ta tsaya kaina ta ce Alhaji waken nan naka na GMO ne ko namu na gado? Wallahi na rasa ta cewa, ni dai na san daga Dawanau aka sauke min buhu goma sha biyu kuma babu abin da aka rubuta a jiki sai sunan dillali. Ta juye mudun ta yi tafiyarta. Masu ilimin zauren nan ku warware mana dan Allah.

Auta: Gara da ta juye Baba, ai an ce shi ne yake hana haihuwa, ina da saƙon murya bari in turo

Admin: Auta kar ka turo. Na wancan satin ma minti sha tara ne, ya cinye min data a banza.

Malamin Gona: Auta ka bar maganar nan, babu wanda ya taɓa kawo hujja a kanta. Alhaji waken da matar take nufi sunansa SAMPEA 20-T, kuma ba daga jirgi aka sauke shi ba, a Samaru aka yi aikinsa, cibiyar binciken gona ta ABU Zariya. An ɗauko ƙwayar gado guda daga wata ƙwayar halitta da take cikin ƙasa ana ce mata Bt aka sa masa, abin da ake ce wa GMO ke nan, saboda tsutsar nan Maruka mai shiga fure ta huda kwanso, wadda idan ta samu gona a shekara mara kyau sai ta ci kusan kashi 80 cikin ɗari. Hukumar NBMA mai ba da izinin kayan GMO ta amince da shi a 2019. Manomin da yake feshi sau shida zuwa takwas yanzu sau biyu ya ishe shi, kuma kar ku manta a 2015 Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwari da ya yi yawa a jiki, to wanne ne gubar? Ni abin da yake ba ni haushi ma shi ne masu cewa wai sai an cusa dokar GMO cikin tsarin ƙasa na kare itatuwa da namun daji. Wannan neman taro ne da alawus kawai. Gona daban, dawa daban. Tunda hukuma ta duba ta ce a ci, magana ta ƙare.

Maman Sadiq: Malam duk abin da ka faɗa a sama na yarda, amma layinka na ƙarshe kam a'a. Gona daban dawa daban? A wake? Ka taɓa lura da waken gizo da yake yaɗo a bakin gona da gefen rafi, mai ƙananan 'ya'ya da kwansonsa yake fashewa da kansa? To shi ne kakan waken da muke ci, jinsinsu ɗaya, suna barbara. Wake ɗan asalin nahiyar nan ne, kuma yammacin Afirka na cikin inda ya fi yawan iri-iri a duniya. Masara baƙuwa ce, daga Meziko ta zo, ba ta da dangi a dajinmu. Amma wake nan ne gidan ubansa, danginsa suna bayan katanga.

Malamin Gona: Malama wake ai kansa yake yi wa barbara tun furen bai gama buɗewa ba. Abin da yake tsallakawa kaɗan ne ƙwarai.

Maman Sadiq: Kaɗan ne amma ba sifiri ba ne, manyan ƙudan nan baƙaƙe masu huda itace suna buɗe furen su ɗebi garinsa su kai wani. Kuma ni ban ce idan ya tsallaka duniya ta tashi ba fa, wataƙila babu abin da zai faru, tunda ba tsutsar nan kaɗai ce take taƙaita waken gizo a dawa ba. Abin da nake tambaya, wa aka ɗora wa ya koma bayan shekara biyar ko goma ya duba? Da kuɗin wa? A kai rahoton ga wa? Ba da izini aikin kwana ɗaya ne, sa ido shi ne aikin shekaru, kuma wannan aikin masu kula da halittun ƙasa ne ba na mai duba abinci ba.

Lauya: Ku ba ni wuri in shiga. Malamin Gona, abin da kake cewa kar a haɗa, a takarda tun asali a haɗe yake. Yarjejeniyar Katahena ta kayan GMO da ta haifi duk dokokin nan 'ya ce ga babbar yarjejeniyar kare rabe-raben halittu da aka yi a Riyo a 1992. An amince da ita a 2000, ta fara aiki a 2003, Najeriya tana ciki. Manufarta ta farko ma ba cikin mutum ba ne, kare halittu ne daga illar da abin da aka sauya zai iya yi, sai aka ce a yi la'akari da lafiyar ɗan Adam ma. Shi ya sa da Jonathan ya sa hannu a dokar NBMA a 2015 ƙarƙashin ma'aikatar muhalli aka ajiye hukumar, ba ta gona ba, ba ta lafiya ba. A 2019 aka yi wa dokar kwaskwarima aka ƙara sababbin fasahohin gyaran ƙwayar gado. Sannan a taron Montiriyal na Disamban 2022 ƙasashe suka amince da manufofi 23, ta 17 kacokan a kan wannan take, ta 4 kuma ta yi maganar kare iri-irin abin da ake nomawa da danginsu na dawa. Kowace ƙasa aka ce ta koma ta sabunta tsarinta ya dace da su.

Malamin Gona: To Barista ka ga ka taimake ni. Tunda a haɗe yake, me kuma ake nema?

Lauya: A haɗe a ofis ɗaya ba shi ne a haɗe a aiki ba. Kishiyoyi ma gida ɗaya suke kwana.

Admin: Barista a kiyaye, akwai masu mata biyu a zauren nan 😂

Alhaji Baba: Yara ku saurara. Ni ban yi boko mai nisa ba amma na fi shekara arba'in ina noma a ƙasar Mangu. Da muna yara kowane gida da irinsa, akwai Kanannado mai yaɗo da harawa, akwai jan wake, akwai wani ƙarami da mahaifiyata take ajiyewa a tulu da toka ban ma san sunansa na boko ba, yana nuna da wuri ya fitar da mu yunwar tsakiyar damina. Yau ku neme shi. Kuma ba GMO ne ya kashe shi ba, tun kafin a san wannan kalma ya tafi, sabon iri ne ya zo yana ba da buhu da yawa kowa ya koma can. To idan wanda bai fi shi da komai ba sai yawa ya kore shi, ina ga wanda tsutsa ba ta ci? Ni zan shuka na Samarun, ban ƙi ba, kuɗin magani ya ishe ni. Amma wa zai riƙe mana tsofaffin?

Maman Sadiq: Baba Allah ya ƙara girma, kun faɗi abin da na kasa faɗa. Wannan shi ne rabe-raben halittun, ba sai giwa da zaki ba. Mutane suna jin kalmar sai hankalinsu ya tafi Pandam ko dajin Amurum da Turawa suke zuwa kallon tsuntsaye, alhali tulun mahaifiyarku ma yana ciki.

Malamin Gona: Baba ku kwantar da hankalinku, ana ajiye su. Cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan tana da irin wake sama da dubu 15 a ɗakin sanyi, babu kamarsa a duniya, ga NACGRAB, cibiyar adana iri ta ƙasa, ita ma a Ibadan ɗin.

Alhaji Baba: Na firij ba ya sanin an canza ruwan sama ɗana. Wanda yake gona shi yake koyon shekara.

Auta: To ni dai abin da na ji idan ka shuka shi sau ɗaya ba ya ƙara fitowa sai ka koma ka saya wajen Bature

Malamin Gona: Wannan ma ba haka ba ne. Waccan fasahar ta kashe iri ba a taɓa sakinta kasuwa ba, tun 2000 ƙasashe suka dakatar da ita. Waken Samaru ka ajiye ka sake shukawa zai fito. Masarar TELA da aka saki a farkon 2024, su SAMMAZ 72T zuwa 75T, ita ce 'yar aure, wato haɗin iri biyu, kuma duk masara 'yar aure ko ba GMO ba idan ka maimaita ta amfaninta raguwa yake, wannan kowane manomin Saminaka ya sani.

Lauya: Ka ga abin dariya Malam, dakatarwar nan ta 2000 da ka kafa hujja da ita, a taron yarjejeniyar kare halittu aka yi ta. Wato tsarin da kake cewa neman alawus ne shi ya ba ka amsar da ka ba Auta.

Malamin Gona: Na ji wannan. Amma ku ma ku ji tsorona. Duk ƙofar da aka ƙara, shekara ake ƙarawa. Waken nan an fara gwada shi a killace tun 2009, sai 2019 ya fita, shekara goma manomi yana shaƙar feshi ba takunkumi ba safar hannu, yaransa suna wanke jarkar maganin su zuba ruwan sha. Yanzu ga dankalin Turawa da ake gwadawa a killace a Kuru saboda cutar nan mai ƙona ganye da damina, ku je Bokkos ku ga yadda take mayar da gona baƙa a sati guda. Idan aka ce sai kwamiti kaza da kwamiti kaza sun zauna, wanda yake kashe ƙudan zuma da kwaɗi da kifin rafi da gaske wato maganin feshi shi zai ci gaba da mulki. Wannan ba kare halittu ba ne?

Maman Sadiq: Shi ne mana! Ai ka shigo layinmu ba ka sani ba. Idan feshi ya ragu ƙudan zuma sun dawo, wa ya ƙirga? Ba ka da lambar da za ka nuna wa masu adawa saboda ba a sa kowa ya auna ba. Sa idon nan kai ma zai yi maka amfani. Kuma akwai maganar tsutsar kanta, ba ta zama wawiya har abada. A Afirka ta Kudu tsutsar karan masara ta saba da masarar Bt ta farko cikin 'yan shekaru, a Indiya ma jar tsutsar auduga ta yi haka. Maganinsa shi ne a bar wani yanki da iri na gargajiya ko ciyayin dawa da tsutsar take ci, don marasa juriya su ci gaba da haihuwa su tsarma masu juriyar. Ka ga ashe Kanannadon Baba da waken gizona su ne masu gadin waken Samarunka.

Malamin Gona: Wannan gaskiya ne, muna gaya wa manoma ma. Sai dai ni kaɗai nake da ƙauyuka fiye da yadda zan iya zagawa kuma man babur daga aljihuna yake fita, wa zai bi ya ga an bar yankin?

Lauya: Toh ka ga inda tsarin ƙasa yake shigowa, abin da ba a rubuta shi a matsayin aikin wani ba babu layinsa a kasafin kuɗi. Kuma akwai abin da masu adawa irin su Nnimmo Bassey suka daɗe suna faɗa wanda ni a matsayina na lauya ban iya ture shi ba, cewa hukumar da aikinta yaɗa fasahar tana da kujera a kwamitin gudanarwar hukumar da take ba da izini. Ko mutanen kirki ne, mai gasa tsire ba ya zama alƙalin tsirensa. A Mayun 2024 Majalisar Wakilai ma ta nemi a dakata da GMO a yi bincike. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008 ta ajiye ta a 2016, ba don guba ba, zaren ne ya gajarce farashi ya faɗi, kuma waɗanda suke sayen audugar ne suka gano. Sannan ga iyaka, buhun da ya bar Dawanau gobe yana Maraɗi, wata ƙasa ce mai tata dokar, kuma yarjejeniyar Katahena ainihinta a kan tsallaka iyaka take.

Auta: Yanzu dai wa ya ci muhawarar

Admin: Kai dai ba kai ba ne.

Malamin Gona: Ni ban janye cewa waken lafiyarsa ƙalau ba, gidana ma shi ake ci. Na janye gona daban dawa daban, a kan wake kawai. A kan ƙarin kwamiti kuwa ina nan inda nake, a ba ni mai da ma'aikata ba taro a otal ba.

Maman Sadiq: Baba in akwai sauran Kanannado a rumbu a taimaka min da ko rabin mudu, zan sa 'yan ajina su shuka a bayan makaranta.

Alhaji Baba: Akwai 'yata. Ki aiko Sadiq ranar Juma'a bayan an sauko, amma ya zo da gwangwani mai murfi ba leda ba.

Baban Ummi: Duk na karanta, Allah ya saka. To ni gobe idan matar nan ta dawo me zan ce mata?

Lauya: Doka ta ce a sa alama a jikin kayan GMO.

Baban Ummi: A jikin mudu Barista?

Malamin Gona: Alhaji ka tambayi dillalinka daga wace gona ya ɗauko.

Baban Ummi: Shi ma a kasuwar ƙauye ya tara, tiya-tiya, daga hannun mutum ya fi talatin.