Mazaɓarmu na so in fito takarar kansila, zuciyata ta rabu biyu

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Ina da shagon kayan gini a kudancin Kaduna, ina kuma koyar da yara a majami'armu ta ECWA. Dattawan mazaɓarmu sun same ni har gida, suna so in fito kansila. Burtsatsenmu ya shekara biyu a lalace, matanmu rafi suke zuwa, abin yana ci mini rai. To amma wanda zai ɗauki nauyin takarar ya ce dole a ba deliget na goro, ranar zaɓe kuma a raba taliya da magi. Matata ta ce siyasa ƙazanta ce, in bar ta. Ku ba ni shawara don Allah.

Rabaran mai ritaya, Jos: Ɗana, Yusufu ya riƙe mulki a Masar, Daniyel ya yi wa sarkin Babila aiki. Irmiya 29:7 ya ce mu nemi zaman lafiyar birnin da muke ciki. Solomon Lar ɗan majami'a ne, ya mulki Filato daga 1979 zuwa 1983. Kujerar ba zunubi ba ce. Amma ka tuna Daniyel ya ƙi abincin sarki tun ranar farko, bai jira ya samu muƙami ba. Wannan taliyar ita ce abincin sarkinka. Sayen ƙuri'a laifi ne a dokar zaɓe.

Mama ta Zumuntar Mata: Ka fito, ɗana, amma roƙo ɗaya: kada ka hau bagade neman ƙuri'a. A wurinmu wani ya kawo buhunan siminti ana gobe zaɓe, har yau mawaƙa biyu ba sa gaisawa. Kuma maƙwabtanku Musulmi ma wannan rafin suke sha, ka je ƙofarsu da kanka.

Tsohon kansila: Na yi zango ɗaya, ɗan'uwa. Wanda ya kashe maka kuɗi zai dawo karɓa, ni nawa da takardar kwangila ya zo a wata na uku. Ka zauna da shi gaban dattawa biyu, ya faɗi abin da yake so. Ba tare da na goro ba, mai yiwuwa ka faɗi a fidda gwani. Ka shirya wa hakan.

Mai tambaya: Na gode, Baba, Mama, Yaya. Ranar Asabar zan kira mai ɗaukar nauyin gaban dattawan. Amma da daren nan zan fara zama da matata, mu yi addu'a.