Makullan Zotero sun canza min a tsakiyar rubutu, yaya zan tsara su yadda nake so?

Ɗalibar_Digiri2

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu amfani da Zotero (manhajar tara madogaran bincike) da Better BibTeX (ƙarin da ake sa wa Zotero don aiki da LaTeX) ku taimaka min. Da LaTeX, manhajar tsara rubutu zuwa PDF, nake rubuta kundina, madogaran da na tara sun kusa 200, kuma makullan da Better BibTeX yake ba su, wato ɗan sunan nan da ake sawa cikin \cite, sun min tsawo da yawa, sunan marubuci da kalmomi uku na take sannan shekara, kafin in gama bugawa na manta me zan ce a jimlar. Shi ne jiya da dare na shiga saiti na mayar da tsarin auth.lower + year, wato suna da shekara kaɗai, na zaɓi duka madogaran na danna Refresh. Da na haɗa PDF wlh babi uku gaba ɗaya alamar tambaya ce a duk inda na kafa hujja, jikina har rawa yake, ga shi ranar Litinin zan kai wa malamina.

Tambayata biyu ce. Ya zan dawo da tsofaffin? Sannan wane tsari ne mai kyau ga mai aiki da sunayen Hausa, don ina da Ɗanladi da Sa'idu da masu ƙ da ɓ, ban yarda da yadda suke fitowa ba.

MalamLissafi

Wa alaikumus salam. Malama kwantar da hankalinki, ba abin da ya ɓace, madogaranki na nan lafiya, suna kawai aka sauya musu shi ya sa LaTeX ya kira bai ji amsa ba. Tsarin da Better BibTeX ke zuwa da shi shi ne auth.lower + shorttitle(3,3) + year. Ki mayar da shi daidai haka, ki sake zaɓar duka ki yi Refresh, yawanci za su koma yadda suke in dai ba ki taɓa take ko shekara ba tun lokacin da kika sa su a rubutu. Ki fitar da fayil ɗin bib, wato jerin madogaran da LaTeX ke karantawa, ki sake haɗawa, waɗanda suka rage log zai lissafo miki su ɗaya bayan ɗaya da kalmar undefined, su sai gyaran hannu.

Amma abin da nake so ki riƙe shi ne Pin. Da zarar komai ya dawo, kafin ki sha ruwa ma, zaɓi duka, danna dama, Better BibTeX, ki yi Pin. A Zotero 6 da 7 zai rubuta layin Citation Key a filin Extra na kowane madogara, daga nan makullin ya kafu, ko kin gyara take ko kin sauya tsari ba ya motsi. Makullin da ba a kafe ba lissafa shi ake yi daga bayanan madogaran, harafi ɗaya kika gyara a take zai iya canzawa ba tare da ya faɗa miki ba. Ni haka ta taɓa faruwa da ni, 2091 na gyara zuwa 2019 kawai, sai da takarda ta je hannun abokin aikina ya kira ni yana tambayar alamar tambayar da ke shafi na huɗu. Sabon tsari ki bar shi ga sababbin madogara, tsofaffin nan ko sun yi tsawo ki haƙura da su har ki kare kundin.

Ɗalibar_Digiri2

Alhamdulillah Malam, Allah ya saka da alheri, sun dawo sai guda 11. Na kafe su duka. To saura maganar sabon tsarin.

Baƙo_daga_Damagaram

Ni dai shawarata kar ki tsaya a suna da shekara kaɗai. Ga Turawa ma yana karo balle mu da rabin marubutanmu sunan gari ne a ƙarshe, Gusau, Kano, Zariya, ga Muhammad da Abubakar ba iyaka. In biyu suka yi karo sai ya liƙa wa na biyun harafi, a, b, haka, bayan wata uku ba za ki tuna muhammad2015a wanne ne ba, kuma kuskuren nan ya fi alamar tambaya muni don PDF zai fito tsaf amma hujjar wani kika jingina wa wani. Ni abin da nake amfani da shi:

auth.lower + year + veryshorttitle.lower

suna, shekara, kalma ɗaya daga take, irin wanda Google Scholar ke bayarwa, gajere ne kuma ido na gane shi.

Maganar ƙugiya kuwa a nan na fi shan wahala, don ni da Faransanci da Hausa nake aiki. Harafin é a Unicode, wato tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, ana iya raba shi biyu, e da ɗan alamar da ke kansa, a yar da alamar a bar e. Amma ɗ da ƙ da ɓ da ƴ ba haka suke ba, kowanne harafi ne mai zaman kansa, babu abin cirewa, shi ya sa ba kowace manhaja ke sanin ɗ ɗan'uwan d ba ne. A saitin Better BibTeX akwai wurin da ake cewa a tilasta makulli ya zama tsurar rubutu, ki kunna shi, amma ni ban bar masa shi kaɗai ba, da kaina nake faɗa masa:

auth.lower.replace("ɗ","d").replace("ƙ","k").replace("ɓ","b") + year

sai ki ƙara sauran a baya. Ki gwada da madogara ɗaya tukuna ki ga abin da ya fito, har da na Sa'idu ki tabbatar alamar nan ta tsakiya ba ta shiga ba. Kuma dan Allah kar ki je ki goge ƙugiyar a sunan mutum cikin Zotero don makulli ya yi kyau, na ga masu yin haka kuma yana min ciwo, makulli ke kaɗai ke ganinsa amma sunan shi ne zai fito a jerin madogara kowa ya karanta, Ɗanladi ya koma Danladi a kundin da aka rubuta kan Hausa.

injiniya_bk

Ƙari kaɗan. Kalmomin da Better BibTeX yake tsallakewa a take irin su the da of, jerin na harsunan Turai ne, bai san cikin ko wajen ko game ba, to take in ya fara da irinsu zai ɗauka a matsayin kalma mai ma'ana. Ana iya ƙara su a skipWords ta Config Editor na Zotero amma gaskiya in guda biyar ne kawai rubuta makullin da hannu ya fi sauri. Haka rahoton hukuma, in marubucin National Population Commission ne ki sa shi a fili ɗaya kar ya raba miki shi kamar sunan mutum, makullin kuma ki rubuta npc2006 da kanki a layin Citation Key na Extra shikenan.

Ni fa JabRef, wata manhajar tara madogara, nake amfani da shi, can makullin a cikin fayil ɗin bib yake zaune ba ya canzawa sai ka ce a sake, tsarin kuma da baka mai kusurwa ake rubutawa, [auth:lower][year][veryshorttitle:lower]. Ba cewa nake ki koma ba ana saura kwana uku.

MalamLissafi

A'a injiniya kar ka ɗaga mata hankali da sabuwar manhaja yanzu. Malama in Overleaf, shafin intanet na rubuta LaTeX, kike amfani da shi kuma kin haɗa shi da Zotero kai tsaye, ki sani daga rumbun Zotero na intanet yake jawowa, Better BibTeX ɗin da ke kwamfutarki ba ya can, makullan da kika kafe ne kawai za su bi ki. Ki yi sync bayan Pin.

Ɗalibar_Digiri2

Da hannu nake loda bib ɗin Malam, amma na yi sync ɗin duk da haka. Na sa tsarin ɗan'uwa na Damagaram na gwada da sabon madogara ya fito danladi2018 da kalmarsa a baya, sunan kuma na nan da ƙugiyarsa. Cikin 11 ɗin nan na gyara 9, biyun da suka rage ashe sau biyu na shigar da littafi ɗaya shi ya sa ɗaya ke da a a ƙarshe. In na haɗe su da Merge wanne makullin zai rage, ko in fara duba wanda na fi kira a babi na biyu tukuna?